Buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu a Legas: ku ji daga bakin wanda ya hau

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan jaridar nan tamu, Allah ya ƙara basira amin.

Dan Allah ina roƙon a bani fili in yi magana da 'yan uwana matasan Arewa da ke neman halak ɗinsu a nan Legas, musamman mu 'yan waya na kasuwar Computer Village da ke Ikeja da 'yan canji da yaran da Allah ya buɗa wa a harkar gwari a Mile 12, akan wani yayi da naga ya fara shigowa cikinmu, wato siyan ƙananan motocin nan na gudu masu kujera biyu da ake buɗe musu rufi, mutum ya mayar da ita motar zuwa kasuwa da dawowa kullum. Abin da yasa na zauna nake wannan rubutun shine cikin watan nan kaɗai ƙannena biyu na kasuwa sun zo suna nuna min hoto a waya suna cewa Yaya ya ka gani, kuma a cikinsu babu mai wata motar, ita ce zata zama ta farko kuma ita kaɗai. Ni kuwa na hau irinta shekara biyu da 'yan watanni a garin nan ita kaɗai gareni, a Agege nake zaune shagona yana Ikeja, toh jiki magayi ne, abin da na gani da idona zan faɗa.

Kafin komai bari in faɗi gaskiya, motar nan akwai daɗi, wanda duk yace maka babu daɗi bai taɓa hawa bane. Ranar Lahadi bayan sallar asuba gari bai gama wayewa ba, titi fayau, ka danna madanni rufin ya naɗe kansa ya shige but cikin daƙiƙa ashirin da wani abu, ka hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, iskar ruwa tana dukan fuskarka, kana hango masunta a kwale-kwale ta wajen Makoko da gine-ginen jami'ar Legas a bakin ruwa, wallahi a irin wannan lokacin sai kaji duk wahalar da ka sha tun zuwanka Ikko da jaka ɗaya ta wuce. Har yau idan na tuna sai naji wani abu a zuciyata. Kuma ni bana cikin masu cewa haramun ne ko almubazzaranci ne, mutum yayi gumi ya samu kuɗinsa ta hanyar halak yana da ikon ya ji daɗinsu. Maganata ɗaya ce, kar ta zama ita kaɗai ce motarka.

Su motocin nan ai an san inda aka yi su da kuma mutanen da aka yi wa. Mazda MX-5 ta Japan wadda a Amurka suke ce wa Miata ta fito a 1989, zuwa 2016 an ƙera guda miliyan 1, kuma yawanci Turai da Amurka aka kai su. Mercedes suka fito da SLK a 1996 mai rufin ƙarfe da ke naɗewa, ga kuma BMW Z4. Mutanen can wata da watanni suke yi cikin sanyi da hazo basa ganin rana sosai, shi yasa ranar da ta fito sai kowa ya buɗe rufi yana shanta kamar magani. Kai har a SLK ɗin da ta fito a 2004 sai da suka sa wata na'ura a jikin kujera mai hura iska mai ɗumi a wuyan direba don kar sanyi ya kama shi idan rufi na buɗe. Toh dan Allah Malam Edita a dubi wannan, mutumin da damuwarsa kar wuyansa yayi sanyi shi aka zauna aka yi wa motar, mu kuma a nan inuwa muke nema ido rufe.

Rana a Legas tsaye take a tsakiyar ka, ga gumi mai danƙo saboda ruwan da ya kewaye garin, daga Fabrairu zuwa Afrilu ko a cikin shago da fanka jiƙewa kake yi. Idan mota na gudu iska zata ɗan taimaka, amma yaushe mota ke gudu a garin nan ranar aiki? Daga Agege zuwa Ikeja tafiya ce 'yar kaɗan amma sau nawa gosulo ya riƙe ni fiye da awa ɗaya a hanyar, duk da gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wani abu. Kana tsaye rufi buɗe, kujerar fata ta ɗau zafi kamar tanda, sitiyari baya taɓuwa, kuma da yake motar a ƙasa take sosai salansar danfo, wato ƙananan bas ɗin haya na Legas, da ta tirela daidai saitin hancinka suke, hayaƙin nan baƙi shi zaka yi ta shaƙa, farar shaddarka kafin ka isa kasuwa ta canza kala. Idan hunturu ya shigo kuma ƙura ce zata cika maka kujeru da ido. Ƙarshenta sai ka rufe rufi ka kunna esi kamar kowa. Ni zan iya ƙirga ranakun aikin da na buɗe rufin nan, kaga kenan na biya kuɗi mai yawa akan abin da sai ranar Lahadi nake morarsa, sauran kwana shida kuwa ina cikin wani ɗan akurki mai ƙaramin gilas ɗin baya da ko ribas zaka yi sai ka yi ta leƙe.

Sai maganar tsaro, wanda duk ya zauna a Legas ya san gosulon dare a wajajen Oshodi da Mile 2 da Apongbon ba wurin sakin jiki bane, ko gilas ɗinka a rufe ana ƙwanƙwasawa balle ka yaye rufi gaba ɗaya waya na kan cinya jakar kuɗin ciniki na kujerar gefe. Mu da muke yawo da wayoyin mutane na miliyoyi wannan kasada ce da dukiyar da ba tamu ba. Masu rufin yadi ma sun fi shiga uku don reza ɗaya ta isa, ka ajiye mota ka shiga masallaci ka fito ka tarar an tsarge rufi saboda caja da 'yan canjin da ka bari. Ga idon jama'a, duk inda ka tsaya sai yaran unguwa sun kewaye ka ana kirari ana jiran ka sauke wani abu, duk shingen bincike kai ake fara nunawa, mai faci da mai wankin mota kowa farashinsa daban ne idan ya ganka. Bahaushe baƙo ne a garin nan komai daɗewarsa, iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu suka kafa Zangon Agege sun zauna lafiya ne da rufin asiri da kawaici, ni kuma naga motar nan tana ɗaga mutum sama ta nuna shi ga wanda ya kamata da wanda bai kamata ba.

Damina kuwa ita ce ta fi koya min darasi. Ruwan Legas baya sallama, daga Afrilu zuwa Yuli sannan ya ɗan huta a Agusta ya dawo Satumba da Oktoba, kuma idan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rufin da ke naɗewa gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa roba ce ke tare ruwa, robar nan kuma rana tana busar da ita ta tsattsage, motar da ta shekara 15 ko fiye kafin ma ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tin Can robobinta sun riga sun gaji. Akwai wasu 'yan ƙananan hanyoyin ruwa a gefen rufin da cikin but da aka yi don ruwa ya zurare ƙasa, ƙura da ganye suna toshe su, idan suka toshe ruwan sai ya nemi hanya ya kwanta ƙarƙashin kafet, kuma a yawancin irin motocin nan famfon man da ke ɗaga rufin da wayoyinsa a can baya suke. Ni ban san da wannan ba sai da na fara jin warin rima a mota, gilas yana yin hazo ta ciki kullum da safe. Wata rana da yamma hadari ya haɗo ina kan hanyar Ikorodu, na danna in rufe, rufin ya taso ya tsaya a rabi, ba gaba ba baya, man da ke tura shi ya tsiyaye ban sani ba. Haka na gangara gefe ruwa na zuba a kaina da kujeru da kayan mutane, sai wasu bayin Allah masu sayar da kaya a bakin titi suka kawo leda babba muka lulluɓe. Laifin ba na motar bane, abu ne mai son kulawa akai-akai da wurin ajiya mai inuwa, ni kuma gidan haya nake mota a waje take kwana.

Ambaliya kuma ba sai na faɗa ba, kowa yaga abin da ya faru a farkon Yulin 2024 yadda ruwa ya shanye tituna har wajen hawa gadar Third Mainland ta Iyana Oworo, Lekki da Ajah kuwa duk shekara ne. Ruwan da jif zata ratsa, Corolla ta lallaɓa ta wuce, ita wannan idan ka shiga inda injin ke shaƙar iska a ƙasa yake, ya zuƙi ruwa sau ɗaya injin ya buga shikenan. Don haka da an fara ruwa sai dai ka nemi gidan mai ka fake kana kallon danfo na wucewa.

Hanyoyin cikin unguwa su ma haka, ramuka da tudun rage gudu da kowane layi ke ginawa yadda yaga dama, da gangaren kwalbatin shiga gida, kullum sai ka karkace mota ka hau a hankali kana jin cikinta na gurzar ƙasa har cikin ranka. Tayoyin sirara ne, rami ɗaya sai taya ta kumbura ko rim ya lanƙwashe, wasu ma babu safaya sam saboda babu wurin sa ta. Kuma gudun da aka siye ta dominsa a ina za'a yi shi? Dokar hanya ta ƙasar nan kilomita 100 a awa ta ba ƙaramar mota a babban titi, cikin gari 50, kai kuma kana riƙe da injin da zai iya ninka wannan, in ka biye wa zuciya ka taka kuma ran wani ne ko naka.

Kayan gyara, idan Corolla ce ko Camry ko Sienna ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ido rufe zaka samu, sabo da tokunbo wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, kowane bakanike ya san cikinta. Ita kuwa wannan kayan inji da birki ana iya samu tunda wasu suna haɗa kaya da manyan motocin kamfaninsu, amma duk abin da ya shafi rufi, roba ce, famfo ne, 'yan ƙananan suwic ɗin da ke gaya wa kwamfutar mota rufi ya kulle ne, sai dai a yi oda daga waje da dala ka jira sati da satittika, mai gyaran da ya san aikin kuma ɗaiɗaiku ne, wanda bai sani ba zai karɓa ya koyi aiki a kanta. Duk kwanakin nan kana bin danfo da keke alhali kana da mota. Sannan aka zo ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, injin babba a cikin gosulo da esi a kunne kuwa shan mai yake kamar raƙumi ya samu ruwa.

Amma Malam Edita duk abubuwan nan da na lissafa kuɗi ne, mai kuɗi zai iya jurewa, kuma ba su suka sa na rabu da ita ba. Abin da ya raba ni da motar nan shine zuwan mahaifina.

Baba ya zo Legas ganin likita saboda ciwon gwiwa da ya daɗe yana damunsa, shi da Inna da ƙanina da ya rako su, sun kwana a hanya tafiyar kusan kilomita 1,000 a motar haya, suka sauka a tasha da sassafe da jakunkuna da ƙullin tsaraba, Inna har da daddawa da kuka da man shanu ta taho min da su. Na je ɗaukarsu, sai da na tsaya a gabansu sannan abin ya faɗo min, mutum uku ga kaya ni kuma kujera ɗaya gareni. Nace Baba ya shiga in sa Inna da ƙanina a tasi, toh kujerar a ƙasa take kamar mutum zai zauna akan tabarma, dattijo mai ciwon gwiwa da babbar riga, ya dafa ƙofa ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa naga fuskarsa ta canza saboda zafi, mutanen tasha suna kallo. Bai yi min faɗa ba wallahi, da ma yayi da ya fi min sauƙi, cewa kawai yayi, bar shi ɗana, samo mana wadda zamu shiga tare da mahaifiyarka. Haka na tsayar musu da tasi suka shiga su uku ni kuma na bi su a baya ni kaɗai a motata kujerar gefe babu kowa sai ƙullin kuka. Sati uku suka yi, duk zuwa asibiti sai na je na ari motar maƙwabcina, wani dattijo mai tsohuwar Sienna da na sha wucewa ta gabansa ina jin na fi shi mota, kuma bai taɓa hana ni ba ko sau ɗaya, har cewa yake in gaishe da Alhaji.

Daga nan idona ya buɗe na fara tuna abubuwan da a da ban ɗauke su komai ba. An yi rasuwa a layinmu aka sallaci gawa za'a tafi maƙabarta, kowa mai mota yana cewa ku shigo ku shigo ana cusa mutum biyar shida, ni mutum ɗaya na ɗauka dattawa na tsaye a rana. Ranar Juma'a haka, ranar idi haka. Maiɗakina da goyo bata taɓa jin daɗin motar ba, babu inda za'a zaunar da yaro, idan rufi na buɗe iska na fizgar mata hijabi ga idon maza a kanta ta ko'ina, ita da kanta tace dan Allah in dinga rufewa. Cefanen wata daga Mile 12, buhun shinkafa da kwandon tumatir da albasa, but ɗin baya ɗauka balle idan rufi ya shige ciki ya cinye wurin. Ragon layya daga kasuwar dabbobi ta Kara kuwa ba'a ma maganarsa. Haihuwa ta taso wa matar maƙwabci cikin dare babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa don an san motarka bata da amfani a wannan lokacin, kuma ni wannan ya fi komai yi min ciwo, a ce kana da mota a ƙofar gida amma jama'a sun cire ka daga lissafin wanda za'a nema ranar buƙata. Mu a al'adarmu motar mutum ɗaya ai ta unguwa ce, ballantana a baƙon gari da bamu da kowa sai junanmu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, a gari mai faɗi irin Ikko kuwa ƙafar nan mota ce.

Da na tashi sayarwa ma sai da ta daɗe a hannuna, masu zuwa kallo da ɗaukar hoto da yawa masu biya kaɗan, daga ƙarshe wani mutum daga tsibiri ya siya, yana da wasu motocin a gida da rumfar ajiya, yace ranar hutu kawai zai dinga fita da ita. Irinsa ta dace da shi, kuma na tabbata zai ji daɗinta fiye da yadda na ji.

Toh ƙannena, wanda Allah ya hore wa yana da motar iyali a gida kuma ransa na son wannan a matsayin ta biyu, bismillah, amma ya buɗe ido wajen siya. A buɗe rufin a rufe a gabanka sau huɗu sau biyar kana saurare ko yana tsayawa ko yana ƙara, a kawo tiyo a yi mata wanka sosai kana zaune a ciki kaga ko tana yoyo, ka ɗaga kafet ɗin but ka taɓa ka shinshina, ka duba ko akwai alamar mai a gefen rufin, ka sa a bincika lambar jikin motar a intanet don da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka motocin gwanjo ne da suka yi haɗari ko ruwa ya shanye, takardun kwastam kuma su zama cikakku. Bayan ka siya ka nema mata inuwa, ka dinga share hanyoyin ruwan nan kafin damina, kar ka taɓa rufin idan motar na tsaye a karkace. Wanda kuma motarsa ta farko ce ya nemi mai ƙofa huɗu ko da bata da kyan hoto. Mu 'yan Agege ma yanzu ga jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo, ni kaina wasu ranakun shi nake bi zuwa shago in bar motar da nake da ita yanzu a gida saboda ko iyali zasu buƙata.

Roƙona gareku Malam Edita shine ku ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a wata da za'a dinga bayanin mota da Hausa, ku dinga zantawa da bakanikai da direbobi da dillalai na gaskiya, don yaranmu yanzu a TikTok da Instagram suke ganin motocin nan a titunan Dubai da Amurka, babu mai nuna musu yadda take a Agege ranar da aka kwana ana ruwa. Kuma in da hali a buga wannan wasiƙar kafin ƙarshen shekara, lokacin ne aka fi siyan mota a kasuwarmu, ɗaya daga cikin yaran da na faɗa ma har ya fara maganar kafin alƙalami da dillali.

Na gode, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Agege, Legas.